Amsoshin Wasiƙunku: Tarihin Fastocin Finafinan Ban Tsoro

 Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai saurarenmu, ɗan kasuwa mai awon hatsi a ƙasar Bichi, wanda ya nemi a sakaya sunansa. Ga abin da ya ce: "Don Allah ina so ku ba ni tarihin hotunan nan na talla da ake liƙawa a ƙofar gidajen kallo, musamman na finafinan ban tsoro. Su wa suka fara yin su? Kuma me ya sa takarda, wadda ba ta motsi ba ta magana, take sa gaban babban mutum ya faɗi?"

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Ita wannan takarda ita ake kira fasta, irin dai wadda 'yan siyasa ke cika mana bango da ita in zaɓe ya ƙarato. Kafin mu shiga tarihi, ina so ka fara duba irin wuyar da mai zanen fasta ke ciki. Shi mai shirya fim yana da awa ɗaya da rabi, yana da kiɗa, da kururuwa, da ƙarar ƙofa, ga kuma duhun ɗakin silima yana taimakonsa. Mai zane kuwa ba shi da ko ɗaya. Takarda ɗaya ce, da rana tsaka, a bakin titi, mai wucewa zai yi mata duba ɗaya ya ci gaba da tafiyarsa. Sa'an nan ba a so ya tsorata har ya guje wa wurin. So ake ya tsorata daidai yadda zai sa hannu a aljihu ya sayi tikiti. Neman wannan ma'auni shi ne aikin da aka shafe fiye da shekara ɗari ana yi.

Fasta ta girmi silima. Cikin shekarar 1796 wani Bajamushe mai suna Alois Senefelder ya gano dabarar buga hoto da dutse. Za a yi zane da abu mai maiƙo a kan shafaffen dutse, a jiƙa dutsen da ruwa, a shafa tawada. Da yake ruwa da mai ba sa haɗuwa, sai tawadar ta kama inda aka yi zanen kaɗai. Daga baya wani mai zane a birnin Faris na ƙasar Faransa, Jules Chéret, ya ƙware wajen buga irin wannan da launuka, har bangon birnin ya cika da tallan wasanni da na kayayyaki. Saboda haka lokacin da aka fara nuna majigi a bainar jama'a a 1895, an riga an san yadda ake jawo idon mai wucewa. A 1896 Georges Méliès ya yi wani ɗan gajeren fim na kamar minti uku, inda jemage ke rikiɗa ya zama shaiɗan. Da yawa daga masana shi suke ɗauka fim ɗin ban tsoro na farko.

Amma inda fastar fim mai razana mutum da gangan ta fara yin fice, a Jamus ne, bayan Yaƙin Duniya na Farko. A 1920 aka fito da fim ɗin Dakta Caligari, labarin wani boka-boka da ke tura mai tafiya cikin barci ya yi kisa. Tun kafin a nuna shi, mutanen birnin Balin suka wayi gari suka ga takardu a bango, da hoton wasu hannuwa a murɗe, da karkataccen rubutu mai cewa wai dole mai karatu ya zama Caligari. Ba a ce fim ba ne, ba a ce magani ba ne. A cikin fim ɗin kansa kuma, gidaje da tagogi da tituna duk a karkace aka zana su. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin ƙasa ya san abin da zuciyarsa ke gaya masa in ya ga katanga ta karkata bayan ruwan Agusta. Miƙaƙƙen layi yana kwantar da hankali, karkatacce kuwa cewa yake wani abu na shirin faɗuwa. Wannan ita ce dabara ta farko, har yau kuma ba a daina amfani da ita ba.

Bayan shekara biyu, a 1922, aka yi Nosferatu, labarin wata gawa mai tashi da dare tana shan jinin mutane. Albin Grau, wanda yake cikin masu fim ɗin, shi ya zana tallansa. Ya yi dodon dogo siriri da zaƙo-zaƙon farata, ya kere rufin gidajen gari, ɓeraye na biye da shi. Ga Bature na wancan zamani ɓera alamar annoba ce, ga shi kuma ba a daɗe da fita daga annobar murar nan ta 1918 ba, wadda ta iso har ƙasar Hausa, tsofaffi ke kiranta marisuwa. Ka ga ke nan mai zane bai ƙirƙiro tsoro daga aljihunsa ba. Wanda ya tarar a zukatan mutane shi ya taɓo. Ai wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya yi tsalle.

Daga nan sai kasuwar ta koma Amurka. Kamfanin Universal ya fito da Dirakula da Frankenstein a 1931, sa'an nan The Mummy a 1932, labarin wata naɗaɗɗiyar gawa ta zamanin Fir'aunonin Masar da ta farka. Babban mai zanen kamfanin a lokacin shi ne Karoly Grosz, haifaffen ƙasar Hangari. Su waɗannan finafinai baƙi da fari ne, ba su da launi, amma fastocinsu cike suke da launi: ja, da ɗorawa, da wani irin kore-kore a fatar fuska, launin abin da ya fara ruɓewa. Sau da yawa kuma sai a zana fuskar kamar haske daga ƙasa yake dukanta. Gwada da kanka yau da dare. Ka sa tocila a ƙarƙashin haɓarka ka leƙa madubi. Mu tun haihuwa daga sama muka saba ganin haske, na rana da na wata, to in ya zo daga ƙasa sai inuwar hanci da ta idanu su juye, fuskar da ka sani ta zama baƙuwa.

Bari in ɗan yi ratse don 'yan kasuwa. Waɗannan takardu, masu faɗin inci 27 da tsawon inci 41, ba don a ajiye aka buga su ba. In fim ya gama zagayensa sai a yar ko su yage. Shi ya sa 'yan ƙalilan da suka tsira suka zama dukiya. A 1997 an yi gwanjon fastar The Mummy a kan dala 453,500, a 2017 kuma aka sayar da ta Dirakula dala 525,800. Takarda ɗaya fa! Sai ka lissafa buhun gero nawa ke nan.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abin da mutane ke tsoro ya sake. An ga ɓarnar bam ɗin nukiliya a Japan a 1945, sai dodanni suka koma halittun da gubar bam ta kumbura. A 1954 Japanawa suka yi Godzilla, ƙaton ƙadangare mai rushe birni. A wannan shekara Amurkawa suka yi Them!, na wasu tururuwa da suka fi shanu girma, a 1955 kuma Tarantula, na ƙaton tautau. Fastocin wannan zamani ihu suke yi. Ga dodo ya cika takarda, ga mace sumammiya a hannunsa ko a bakinsa, ga mutane ƙanana kamar ƙwari suna gudu, ga manyan haruffa ja. Wani kamfani mai suna American International Pictures har ya shahara da wata al'ada: sai a zaɓi suna mai ɗaukar hankali, a sa mai zanensu Albert Kallis ya yi fasta, a nuna wa masu gidajen silima, in sun nuna sha'awa sa'an nan a je a yi fim ɗin. Cinikin biri a sama ke nan. Sau da yawa mutum zai biya kuɗi don dodon da ya gani a bango, ya shiga ya tarar da wani ƙato ne sanye da rigar roba. Duk mai kasa kaya ya san ƙarshen wannan ciniki. In ka saba jera manyan tumatir a saman kwando, ruɓaɓɓu a ƙasa, wata rana masu saye za su fara zazzagewa. A ganina fastocin nan suna da kyan kallo, amma yau in ka nuna wa yaro dariya zai yi.

Canji ya faro ne a 1960, da fim ɗin Psycho na Alfred Hitchcock. Ba dodo a fastarsa, ba wuƙa, ba jini. Hoton 'yan wasan ne kawai, da sunan fim ɗin da aka rubuta da manyan haruffa aka tsaga su ta tsakiya, kamar an yaga takarda an sake haɗawa. Tony Palladino ne ya tsara wannan rubutu don bangon littafin da aka ɗauko labarin daga ciki, Hitchcock ya gani ya saya. Tsagar nan ita ke gaya maka hankalin wani ya rabu biyu. Hitchcock ya kuma sa doka cewa in an fara fim ba a barin kowa ya shiga. Watau ya gane ɓoye kaya ma talla ne.

To Malam, a nan nake so ka gyara zama, domin shekaru goma sha ɗaya da ke tsakanin 1968 da 1979 su ne zuciyar amsarka.

A 1968 aka yi Rosemary's Baby, labarin wata mai ciki da take zargin maƙwabtanta matsafa ne masu neman abin da za ta haifa. Philip Gips da Stephen Frankfurt suka yi fastar. Sama duk kore ne mai duhu, cikinsa ga fuskar matar a kwance tana kallon sama, a ƙasa kuma ga keken jarirai baƙi ƙirin, shi kaɗai a kan dutse. Shi ke nan. Ba a nuna abin da ke cikin keken ba. Amma wace uwa ce za ta ga keken jariri a saman dutse, ba kowa kusa, hankalinta bai tashi ba?

A 1973 aka yi The Exorcist, labarin wata yarinya da aljani ya shige ta. Fim ne mai abubuwa munana ƙwarai, amma masu shi suka hana mai tsara fasta, Bill Gold, ya nuna fuskar yarinyar. Sai ya zaɓi hoto ɗaya daga cikin fim ɗin: dare ne, ga hazo, ga wani dattijo da malfa da 'yar jaka a hannu, tsaye a ƙarƙashin fitilar titi a ƙofar wani gida, haske na zubo masa daga wata taga ta saman bene. Baƙi da fari, sai sunan fim ɗin da shunin tawada. Wannan dattijo limamin Kirista ne da aka kira ya fitar da aljanin. Mu da ke kallo a bayansa muke tsaye, mun san akwai abu a ɗakin can, mun san sai ya shiga. Ni dai a duk fastocin da aka yi ban ga wadda ta kai wannan ba, alhali kuwa ba abin da ke cikinta sai mutum da fitila.

A 1975 sai ga Jaws na Steven Spielberg, labarin wani ƙaton kifin teku mai cin mutane. Roger Kastel ne ya yi zanen, tun asali don bangon littafin, bayan ya je gidan adana kayan tarihin halittu na birnin Niyok ya nazarci siffar irin waɗannan kifaye. A nan an nuna dodon, amma duba yadda aka yi. A can sama, a saman ruwa, ga wata mace tana iyo hankalinta kwance. A ƙasa, ya cika kusan duk takardar, ga kan kifin kamar tsinin mashi ya nufo sama, baki buɗe, haƙora birjik. Tsakaninsu ɗan ruwa ne kaɗan ya rage. Ba a zana cizo ba, ba a zana jini ba, in ban da jan fentin da aka rubuta sunan da shi. Abin da ke kama zuciya shi ne kai ka gani, ita ba ta gani ba, kuma ba yadda za ka yi ka gargaɗe ta. Mutanen bakin kogi sun san wannan: ka hango kada ta nufi mai wanki daga ƙetare, muryarka ba ta kaiwa.

A 1979 kuma mutanen nan biyu da suka yi fastar keken jarirai suka yi ta Alien, labarin wata halitta da ta shiga jirgin 'yan sama jannati. Takarda baƙa wuluk, a tsakiya ƙwai guda ɗaya ya fara tsagewa, koren haske na fitowa ta tsagar. A ƙasa aka rubuta ɗan layi mai nufin cewa a can sararin samaniya ba mai jin kururuwarka. Siffar ƙwan kaza ce fa aka yi amfani da ita, abin da kowace uwargida ke ɗauka a akurki kowace safiya.

Me ya haɗa waɗannan huɗu? Dukkansu sun tsaya ne dab da aukuwar abin, suka bar mai kallo ya ƙarasa da kansa. Mu ma ai mun san wannan dabara tun muna yara. Tsohuwa in tana ba da tatsuniyar Dodo ba ta tsayawa ta ƙirga maka haƙoransa. Sai ta rage murya, ta ce sai yarinya ta ji motsi a bayan rumbu. Kowane yaro a wurin da irin Dodon da yake gani a ransa, kuma kowa nasa ya fi na kowa muni, don da tsoronsa ya gina shi. Baƙin filin da mai zane ya bari a takarda, shi ne bayan rumbun.

Akwai kuma maganar fuska, wadda masana suka bincika. A 2004 wani masani a Amurka, Paul Whalen, da abokan aikinsa suka riƙa haska wa mutane hoton fararen idanu kaɗai, na wanda ya zaro ido don tsoro, cikin ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, har mutanen ba su san sun gani ba. Duk da haka na'ura ta nuna wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwarsu mai kula da haɗari ya motsa. Ashe jikin mutum na amsa tsoron da ya gani a idon ɗan'uwansa tun kafin tunani ya iso. Shi ya sa kake ganin zararrun idanu sun yi yawa a fastocin nan. Tun 1970 kuma wani injiniya Bajapane, Masahiro Mori, ya lura cewa abin da ya yi kama da mutum sosai, amma da ɗan saura, ya fi tayar da tsikar jiki a kan abin da bai yi kama da mutum ba sam. Manomi ya san wannan. Mutum-mutumin da kai da hannunka ka kafa a gona don korar tsuntsaye, ka zo wucewa da almuru ka hango shi, sai ka ji gabanka ya faɗi.

Masu zane sun ci moriyar wannan ƙwarai. Fastar Halloween ta 1978, zanen Robert Gleason, kabewa ce da aka fafe mata idanu da haƙora, gefenta ya rikiɗe ya zama hannu riƙe da wuƙa. Ta The Silence of the Lambs ta 1991, aikin wata mata mai suna Dawn Baillie, fuskar mace ce fara fat kamar gawa, idanu jajaye, wani ƙwaro dangin faɗa-wuta ya rufe mata baki. A bayan ƙwaron akwai siffar ƙoƙon kan mutum, in ka matsa kusa kuma sai ka ga ƙoƙon kan nan jikunan mutane bakwai ne aka jera, daga wani hoto da Salvador Dalí da Philippe Halsman suka yi a 1951. An toshe baki, ba halin ihu. A 1999 masu The Blair Witch Project suka wuce nan. Suka buga takardun cigiya da hotunan 'yan wasansu uku, kamar da gaske sun ɓata a daji, fastar kuma rabin fuskar yarinya ce a hasken tocila, ido cike da hawaye, bayanta duhun itatuwa. Fim ɗin da aka yi da ɗan kuɗi kaɗan ya tara kusan dala miliyan 250.

Kada dai a ɗauka duk wannan kamun kai daga hikimar masu zane kaɗai ya fito. Akwai doka. Fim, wanda ya biya shi ke gani, amma fasta har yaro ɗan makaranta na wucewa ta gabanta. Tun 1930 kamfanonin fim na Amurka suka kafa wa kansu ƙa'idojin talla. A 2005 ma sai da aka janye fastar farko ta Saw II, mai nuna yankakkun yatsu biyu, aka sake ta yadda wurin yankan ba ya bayyana. Mai zanen da aka hana shi jini, dole ya koyi aiki da inuwa.

Amma fa ba ko'ina aka bi wannan hanya ta ɓoyewa ba, kuma dalilin na kasuwa ne. A Indiya, wadda finafinanta suka daɗe da zama 'yan gida a silimun Kano da Kaduna da Jos, wasu 'yan'uwa da ake kira Ramsay sun shahara da finafinan dodanni, kamar Purana Mandir na 1984 da Veerana na 1988. Fastocinsu ba sa ɓoye komai: ga dodo da jajayen idanu, ga kango, ga jaruma tana ihu, duk an cusa a takarda ɗaya da fenti mai ƙyalli. Bangon birnin Bambai cike yake da talla iri-iri, wanda ya yi raɗa ba a jinsa.

Na ƙasar Gana kuwa sun fi kowa. Cikin shekarun 1980, da kaset ɗin bidiyo ya shigo, sai wasu 'yan kasuwa suka riƙa ɗaukar talabijin da dek da janareta suna yawo unguwa-unguwa, ƙauye-ƙauye, suna nuna fim a karɓi kuɗi. Ba su da fastocin kamfani, buga manyan hotuna masu launi kuma ba abu ne mai sauƙi ba a lokacin. Sai suka koma wa masu zanen allunan shaguna, irin su Joe Mensah da Leonardo da Heavy J. Su kuma sai su samo buhunan fulawa, su farke, su ɗinke biyu wuri guda, su yi zane da fenti. Buhu ya fi takarda jure rana da ruwa, ana naɗe shi a ɗaura a bayan mota a kai gari na gaba. Sau da yawa mai zanen bai ma ga fim ɗin ba, kwalin kaset kawai aka ba shi ko aka ba shi labari. Sai ya ƙara nasa: adda, da maciji, da kawunan mutane, da jini male-male, ko da babu su a fim ɗin. Da finafinan tsafi na kudancin Nijeriya suka fara yawa bayan Living in Bondage na 1992, sai masu zanen suka sami abin da mutanensu suka fi tsoro a kan kowane dodon Turawa, watau maye da mai kuɗin jini.

Wajen shekarar 2000 wannan sana'a ta ja baya, domin talabijin da bidiyo sun shiga gidajen mutane, injin buga hoto kuma ya yi araha. A wannan shekarar wani Ba'amurke mai cinikin kayan zane, Ernie Wolfe, ya tara hotunan fastocin ya fitar da littafi mai suna Extreme Canvas. Tun daga nan masu tara kayan tarihi a Turai da Amurka suka shiga neman tsofaffin buhunan nan, har wasu daga cikin masu zanen suka koma yin sababbi bisa oda daga ƙasashen waje. In ka juya bayan irin wannan fasta, sau da yawa za ka tarar da tambarin kamfanin fulawar yana nan bai goge ba.